Bindigar Farauta Mai Liba da Harsashinta: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taso da kallon fim ɗin kaboyi ya san wannan bindiga, ko da bai san sunanta ba. Ita ce ke soke a gefen sirdi. In jarumi ya harba, sai ka ga ya tura wani ƙarfe mai kama da zobe ƙasa ya maido shi, ƙaras-ƙaras, kwanso ya yi tsalle, ya sake ɗora ido a saiti. Wannan ƙarfen shi ne liba. Mutane da yawa sun ɗauka bindigar ta mutu tare da zamanin dawaki, alhali har yau dubban mafarauta a Amurka da Kanada da Ostareliya da ita suke shiga daji. Yawancin tambayoyin da ake yi a kanta kan harsashi suke komawa, kuma a nan ne ake yin kuskuren da ke cin yatsa ko ido.

Yaya take aiki?

Liba tana ƙarƙashin bindiga, ta kewaye kunama, yatsu uku na bayan hannu ne ke shiga cikinta. Idan ka tura ta ƙasa, abu uku ne ke faruwa lokaci guda: sakatar ciki ta ja baya ta fizgo tsohon kwanso ta yar, ta danne 'yar gudumar da ke baya ta ɗana ta, sannan wani ɗan cokali a ciki ya ɗago sabon harsashi. Da ka maido liba sama, sakata ta tura sabon harsashin cikin mazauninsa ta kulle. Sai kunama.

Bututu biyu za ka gani a jikin yawancinsu, ɗaya a kan ɗaya. Na sama shi ne na harbi. Na ƙasa rumbu ne kawai, nan harsasai ke kwance a jere, wani a bayan wani, sifirin yana turo su baya. Ka riƙe wannan jerin a ranka, domin kusan duk dokar zaɓen harsashi daga gare shi ta fito.

Wani abu da sabon shiga ke yi shi ne lallaɓa liba. Ba ta son lallaɓawa. A kai ta ƙarshe, a maido ta da ƙarfi. Wanda ya tsaya rabin hanya shi ne harsashi ke maƙale masa.

Wa ya ƙirƙiro ta?

Ba mutum ɗaya ba ne, amma sunan da ya fi fitowa shi ne Benjamin Tyler Henry, wanda bindigarsa ta 1860 ke ɗaukar harsashi 15 a rumbu da ɗaya a mazauni. A lokacin yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, yawancin sojoji ta baki suke ɗura bindiga, harbi ɗaya ɗuri ɗaya, don haka mai Henry a hannu ya zama abin tsoro. A shekarar 1866 kamfanin Oliver Winchester ya fito da wadda aka yi wa 'yar ƙofar ɗuri a gefe, sai ta 1873 wadda ta yi suna a yammacin Amurka. Sojojin Daular Usmaniyya ma sun yi amfani da Winchester a kan Rashawa a yaƙin Plevna a 1877.

Amma wanda ya mai da ita bindigar farauta ta gaske shi ne John Moses Browning. Shi ya zana wa Winchester samfurin 1886 da 1892 da 1894 da 1895. Ta 1894 ɗin an ƙera fiye da miliyan bakwai.

Me lambobin nan suke nufi, irin su .30-30 da .45-70?

A tsohon tsari, lamba ta farko faɗin bakin bindiga ce da awon inci, ta biyu kuma nauyin albarushin da ke cikin kwanso da wani ƙaramin awo da ake kira giren. Giren 15 da ɗan ɗoriya ne ke yin giram ɗaya. Saboda haka .45-70, wanda sojan Amurka ya ɗauka a 1873, yana nufin faɗin inci .45 da giren 70 na baƙin albarushi. Haka .44-40 yake. Shi kuwa .30-30 da ya fito a 1895, giren 30 ɗinsa na albarushin zamani ne marar hayaƙi.

Sai dai kada ka gina komai a kan waɗannan lambobi. Suna ne kawai, kuma sau da yawa sunan ba ya faɗin gaskiya. Ƙwayar .38 Special faɗinta inci .357 ne. Ta .44 Magnum .429 ce. Ta .38-40 kuwa kusan .40 ce, wato ta fi sunanta faɗi. Albarushin da ke cikin na yau ma ba shi ne na wancan zamani ba, kuma nauyinsa ba shi ne lambar da ke jikin kwali ba. Ka ɗauki lambar kamar sunan yanka: ana kiran mutum da shi, ba a auna tsawonsa da shi.

To ta yaya zan san harsashin da bindiga ke ci?

A jikin bututun harbi aka buga shi, galibi a gefen hagu ko a sama, kusa da inda bututun ya shiga jikin bindiga. Ka share wurin da tsumma, ka kai shi haske. Sannan ka ɗauki harsashi ka juya gindinsa: a zagaye da cibiyar nan da guduma ke duka akwai rubutu ƙanana, sunan kamfani da sunan harsashi. Sai ka duba kwali. Rubutu uku ke nan, na bututu da na gindin kwanso da na kwali, kuma sai ukun sun zama abu ɗaya.

Inda ake rikicewa shi ne tsofaffin sunaye. Tsohuwar Winchester za ka ga an buga mata “.30 W.C.F.”, wanda shi ne .30-30 ɗin dai. Haka “.44 W.C.F.” shi ne .44-40. A Turai kuma wani lokaci ana rubuta .30-30 da sunan 7.62×51R. Wannan harafin R na ƙarshe shi ne ya raba shi da 7.62×51 na sojojin NATO, wanda wani harsashi ne dabam mai ƙarfi sosai. Idan rubutun ya goge, ko ana zargin an taɓa canza wa bindiga bututu, ba a yin canke. Maƙerin bindiga mai lasisi yana zuba wani narkakken ƙarfe mai laushi a mazaunin harsashi, ya fito da siffarsa ya auna.

Me ya sa ake cewa kada a sa mata harsashi mai tsini?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan.

Harsashi kashi huɗu ne: kwanso, albarushi, ƙwayar da ke fita, da cibiyar wuta da ke tsakiyar gindin kwanso. Cibiyar nan ɗan ƙaramin faifai ne, bai kai ƙwayar wake ba, kuma duka kawai take jira ta tashi. Yanzu ka jera harsasai biyar a kan tebur, kan wannan yana taɓa gindin wancan, yadda suke kwance a cikin bututun ajiya. Dubi inda kan na baya ya sauka. A kan cibiyar na gaba ya sauka, ɗas. Idan kan nan mai tsini ne kuma mai tauri, ka ɗora ƙusa ke nan a kan cibiyar wuta. Abin da ya rage shi ne guduma, kuma naushin da bindiga ke yi da baya idan an harba shi ne gudumar. Harsasan sukan yi gaba su yi baya su karu da juna a cikin rumbu. In ɗaya ya tashi a nan, ba a mazaunin ƙarfe mai kauri ya tashi ba, a siririn bututu ya tashi, daidai inda hannunka na hagu ke riƙe, kuma zai iya tada na gabansa.

Shi ya sa harsasan da aka yi domin mai liba kansu a daddaɗe yake ko a dunƙule, da dalma mai laushi a baki. Faɗin kan ya wuce faɗin cibiyar, sai nauyin ya sauka a kan gindin kwanso. Za ka ji wani ya ce ya shekara yana sa mai tsini bai ga komai ba. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Ba kullum abin ke faruwa ba, amma ranar da ya faru hannu ake bayarwa, kuma ban ga ribar da ta kai wannan kasada ba.

Wannan daddaɗan kai yana da farashinsa. Iska tana cinye gudunsa da wuri, shi ya sa aka san mai liba da harbin kusa.

Ke nan babu mai liba da ke cin mai tsini?

Akwai. Duk wadda harsasanta ba sa kwanciya kai-da-gindi ba ta da wannan matsala. Savage 99 tana da rumbu mai juyawa kamar ƙwarƙwaro a cikin jikinta. Winchester 1895 tana jera su wani a kan wani, kuma irinta ce Theodore Roosevelt ya tafi da ita farauta Gabashin Afirka a 1909, mai cin .405 Winchester. Browning BLR ta zamani tana da magazin, wato rumbun da ake cirewa, tana cin irin su .243 da .308 da .30-06.

Sannan a tsakiyar shekarun 2000 kamfanin Hornady ya fito da harsashin LEVERevolution, mai tsini amma tsinin na roba ne mai laushi. In ya dunguri cibiyar na gaba sai ya lotsa, in ya fita sai ya koma siffarsa. Ya ƙara wa .30-30 nisa sosai. Amma a lura: ba kowane harsashi mai jan baki ko koren baki ne mai laushi ba. Yawancin bakin filastik da ake gani a harsasan wasu bindigogi mai tauri ne, kuma hukuncinsa hukuncin mai tsini ne. Sai kwali ya faɗa ƙarara cewa an yi shi domin bututun ajiya.

Idan harsashi ya shiga ya zauna, liba ta kulle, ba shi ke nan ya dace ba?

A'a. Kama da wane ba ta wane.

Misalin da ya fi tsoratarwa shi ne .38-55 da .375 Winchester. Na farko tsohon harsashi ne na zamanin baƙin albarushi. Na biyu a 1978 ya fito, an ƙara masa kaurin kwanso da ƙarfin matsi nesa ba kusa ba. In ka ajiye su gefe da gefe da ƙyar za ka bambance, kuma .375 yana iya shigewa mazaunin tsohuwar .38-55 ya zauna lafiya lau. Sai an ja kunama ake sanin ba lafiya ba.

Haka .30-30 da .32 Winchester Special: kwanso kusan ɗaya, ƙwaya ce ta bambanta. Wanda ke da bindigogin biyu a gida bai kamata ya haɗa harsasansu a aljihu ɗaya ba. Akwai kuma masu suna iri ɗaya da ba a musanya su: .45 Colt da .45-70 da .45 ACP da .450 Marlin harsasai huɗu ne dabam-dabam. Shi .450 Marlin, da aka fito da shi a 2000, da gangan aka yi masa wani ɗamara mai faɗi a gindi don kada ya shiga bindigar da ba tasa ba.

Amma na ji ana sa .38 Special a bindigar .357 Magnum.

Wannan halas ne, yana cikin 'yan kaɗan da aka yarda da su. Faɗinsu ɗaya, .38 Special ya fi gajarta kuma ya fi sauƙin ƙarfi. Haka .44 Special a bindigar .44 Magnum. Akasin haka ne ba a yi.

Abu biyu dai za ka iya gamuwa da su. Wata bindigar ba ta son gajeren harsashi, cokalinta an auna shi ne da tsawon dogon, sai ta riƙa sarƙewa. Na biyu, gajeren kwanso yana barin zoben dauɗa a mazauni, in ba a wanke ba sai dogon ya ƙi shiga ko ya ƙi fita.

Wane harsashi ne ya dace da wace dabba?

Ga barewar dajin Amurka da aladen daji, .30-30 ne uban tafiya. Ƙwayarsa mai giren 150 tana barin baki da gudun kusan mita 730 a sakan ɗaya, mai giren 170 kuma kusan mita 670. Daga kusa har zuwa yadi 150, ko 200 a hannun gwani, yana yin aikinsa. Naushinsa a kafaɗa ba shi da yawa, matashi ma yana iya jurewa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ke tsoron bindigarsa rufe ido yake yi kafin ya ja kunama.

.35 Remington ya fi shi faɗin ƙwaya da nauyi, galibi giren 200, kuma mafarautan dazuzzukan arewa maso gabashin Amurka suna ji da shi. .357 Magnum da .44 Magnum asalinsu na ƙaramar bindigar hannu ne, amma a dogon bututu gudunsu yana ƙaruwa, suna isa ga barewa a cikin yadi 100 ko ƙasa da haka. Ga manyan namun daji irin beyar da ɓaunar Amurka, sai .444 Marlin da .45-70. .22 kuwa na zomo ne da kurege da koyon saiti. Harbin babbar dabba da shi zalunci ne, rauni kawai za a yi mata ta je ta mutu a wani wuri.

A ra'ayina, yawancin masu sayen .45-70 ba sa buƙatarsa. Suna ne ya ja su. Ƙwayarsa ta asali giren 405 ce, kusan giram 26, tana tafiya ne kamar dutsen da aka cilla sama, ta hau ta sauko, kuma wanda bai iya ƙiyasta nisa ba zai yi ta harbin ƙasa.

Na ji .45-70 kala-kala ne. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma nan ma wurin taka-tsantsan ne. Kwanson bai canza ba tun 1873, amma bindigogin sun canza. Tsohuwar bindigar soja ta Springfield da aka yi shi dominta ba ta da ƙarfin kulle irin na yau. Saboda haka masu ɗura harsashi sun kasa shi mataki uku: mai sauƙi na tsofaffin bindigogi, matsakaici na masu liba na zamani irin Marlin 1895, da mai zafi na wasu bindigogi masu ƙarfi na musamman irin Ruger No. 1. Duk ukun za su shiga kowace bindigar .45-70. Manyan kamfanoni galibi mai sauƙin suke yi, ƙananan kamfanoni ne ke yin mai zafin, kuma sukan rubuta a kwali sunayen bindigogin da aka yarda a sa shi. A karanta wannan rubutun kafin a biya kuɗi.

Giren 150 ko 170, wanne ya fi?

Dabbar ba za ta bambance ba. Ka sayi kwali ɗaya na kowanne, ka harba a takarda daga yadi 100, wanda ya fi taruwa wuri ɗaya shi bindigarka ke so. Daga nan ka tsaya a kansa. Duk ranar da ka canza nauyi ko kamfani, sai ka sake duba saiti, don inda wannan ke sauka ba nan wancan ke sauka ba.

Me ya sa wasu harsasan ke wuyar samu?

Saboda injin da ke yin .35 Remington shi ne ke yin waɗanda kasuwa ta fi nema. Kamfani ba ya yin kowane iri kullum. Masu tafiya da yawa ana yinsu duk shekara, marasa kasuwa kuwa sai a ware musu ɗan lokaci, a yi abin da za a yi, a koma kan masu kawo kuɗi. In wannan ya ƙare a shaguna, sai wani zagayen. A 2020 da 2021, da aka yi ƙarancin harsashi a Amurka, har .30-30 sai da ya ɓace daga kantuna, balle su .32 Winchester Special da .300 Savage da .348 Winchester.

Shi ya sa shawarata a kullum ita ce a fara da harsashi kafin bindiga. Ka shiga shagunan da ke kusa da kai ka ga me ke kan kanta a watan da ba na farauta ba. Abin da ka gani a shago uku, shi ne za ka samu ranar da kake buƙata. Sau da yawa tsohuwar bindiga mai kyau da ake sayarwa da araha, dalilin arahar shi ne babu abincinta. Wanda kuma ya gaji irin wannan daga mahaifinsa, in ya ga harsashinta ya sayi na shekara biyu ko uku, ya duba lambar zubi da ke jikin marfin kwali ya ɗauki masu lamba ɗaya, kuma kada ya yar da kwanson da ya harba, ana sake ɗura shi.

A ina ake sayensa?

A Amurka, shagon da ke da lasisi, ko ta intanet inda dokar jiha ta yarda. Dokar tarayya ta sa shekara 18 ga harsashin doguwar bindiga, 21 ga na bindigar hannu. Kalifoniya da New York suna binciken mai saye kafin a miƙa masa. A yawancin sauran ƙasashe sai ka nuna lasisin bindigar, kuma irin harsashin da ke rubuce a lasisin kawai za a sayar maka.

Kada wanda ya je can ya yi sha'awar sako ko da ƙwaya ɗaya a jaka don tsaraba. Tsallaka iyaka da harsashi ba tare da izini ba laifi ne babba, a filin jirgin can da na nan.

Tsohon harsashi fa, ko wanda wani ya ɗura da hannunsa?

Harsashin kamfani da aka ajiye a busasshen wuri mai sanyi yana shekaru da yawa bai lalace ba. Zafi da laima ne maƙiyansa, don haka but ɗin mota ba ma'ajiya ba ce. In ka ga kore-kore a jikin kwanso, ko tsaga a wuyansa, ko ƙwaya ta nutse ciki fiye da 'yan uwanta, a ware shi. Wannan nutsewar ta fi faruwa a mai liba, saboda sifirin na rumbu yana matsa su, kuma ƙwayar da ta nutse tana ƙara matsin wuta.

Wanda wani ya ɗura a gida aka zuba a leda, ba ka san me ke ciki ba. Ni ba na harba shi, ko kyauta aka ba ni.

Abu biyu kuma da ya kamata kowa ya sani. In ka ja kunama ka ji ƙyas babu ƙara, kada ka buɗe liba nan take, ka bar bakin bindiga yana kallon inda babu kowa kamar sakan 30, don wani yakan yi jinkirin tashi. In kuma ka ji ƙara mai rauni, fus, ba kamar yadda aka saba ba, ka tsaya cak. Mai yiwuwa ƙwaya ta tsaya a tsakiyar bututu, kuma harbi na biyu a kanta shi ke fasa bindiga.

Dalma ko tagulla?

Ya danganta da inda kake. Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun Yulin 2019, saboda tsuntsaye masu cin mushe suna haɗiyar ɓarɓashinta. Akwai harsashin .30-30 da .45-70 na tagulla zalla mai daddaɗan kai, ya fi tsada. Wasu jihohi kuma, irin Ohayo da Iowa, sun buɗe farautar barewa ga harsasai masu miƙaƙƙen kwanso marar wuya, abin da ya farfaɗo da kasuwar .45-70 da .44 Magnum, har ya haifar da sabon harsashi, .360 Buckhammer, a 2023.

Winchester ko Marlin ko Henry?

Tsohuwar Winchester 94 ta sama take tofar da kwanso, shi ya sa ɗora mata madubin hange ke da wuya, sai a farkon shekarun 1980 aka karkatar da tofin gefe. Marlin 336, wadda ta fito a 1948, ta gefe take fitarwa, samanta a rufe, madubi na zama daram. Masana'antar Winchester ta New Haven ta rufe a 2006, yanzu a Japan kamfanin Miroku ke ƙera su. Marlin ta koma hannun Ruger a 2020. Henry ta yau kamfani ne na shekarun 1990 da ya ɗauki sunan, ba ci gaban na 1860 ba ne. Akwai kuma Rossi ta Brazil da Uberti ta Italiya. Duk cikinsu babu wadda za ta kunyata mai ita a yadi 100.

A Najeriya mutum zai iya mallakarta?

Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa makamai gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na ƙashin kai, irin bindigar harbin tsuntsu da doguwar bindigar farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai masu ɗuri ta baki, irin bindigar toka, waɗanda ke ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Harsashi ma ba a riƙe shi sai da lasisin bindigar da ke cin sa.

Akwai wani wuri da ya shafi batunmu kai tsaye. A jerin haramtattun, dokar ta ambaci bindigogin soja da faɗin bakinsu, ciki har da milimita 7.62 da inci .300 da .303. Faɗin bakin .30-30 kuwa daidai wannan awon ne. Wato bindigar da Ba'amurke ke ɗauka ta farautar kakansa ce, a nan awonta ya faɗa layin da doka ta fi tsanantawa. Riƙe haramtacciyar bindiga ba lasisi kuma hukuncinsa aƙalla shekara goma ne a gidan yari. Duk mai wata tambaya a kan wannan, ofishin 'yan sanda da lauya ne wurin zuwa, ba kasuwar bayan fage ba.

Me ya bambanta ta da bindigar mafarautanmu?

Maharbin gargajiya shi ne kamfanin harsashinsa. Zai zuba albarushi a tafin hannu ya auna da ido, ya juye ta baki, ya tura tsumma ya danna da sanda, ya zuba 'yan ƙarafa ya sake toshewa. In ya ga dabbar babba ce ya ƙara, in ƙarama ce ya rage. Baƙin albarushi yana da haƙuri, shi ya sa wannan awon ido ke wucewa galibi, ko da yake kowa ya san wani da bindiga ta taɓa fashe masa.

Albarushin zamani ba shi da wannan haƙurin. Ɗan ƙari kaɗan yana ninka matsi. Shi ya sa kada a taɓa fasa harsashin zamani a juye abin cikinsa a bindigar toka. Bututunta ba a yi shi don wannan wuta ba.

Yaya ake fitar da harsasai idan an dawo daga daji?

Nan ne mai liba ta fi ban haushi. A yawancinsu babu wata hanya sai ka bi da kowane harsashi ta mazauni: liba ƙasa, liba sama, ɗaya ya fito, haka har su ƙare, kuma duk wannan lokacin guduma a ɗane take. Saboda haka bakin bindiga ya kalli ƙasa mai laushi, yatsa ya fita daga wurin kunama gaba ɗaya, in tana da maɓallin tsaro a danna shi tukuna. Wasu samfurin Henry ana zare sandar rumbu ta gaba a zazzage su, amma ko a nan na cikin mazauni yana nan sai an buɗe liba.

In ka ga sun daina fitowa, kada ka yarda. Ka ƙara juya liba sau biyu ko uku, ka bar ta a buɗe, ka leƙa mazauni, sannan ka leƙa bakin rumbu har sai ka ga kan abin da ke turo harsasai, wanda a wasu sababbin bindigogi ake yi masa launi ja ko ruwan lemo don a gane shi. Tsohon sifirin da ya gaji ko rumbun da ya lotsa yakan riƙe harsashi ɗaya a ciki, ya sake shi daga baya. Sai ka ƙirga na hannunka: in shida ka ɗura ka harba biyu, huɗu za ka gani a tafinka.